Ajin da Aka Ce Ba Shi da Malami: Nazari a kan Masassaƙan Dutse na Zimbabwe

A shekarar 1971 gidan adana kayan fasaha na Rodin da ke Paris ya baje kolin wasu duwatsu da aka sassaƙa a Rodeshiya, ƙasar da a yau ake kira Zimbabwe. Waɗanda suka sassaƙa su ba su taɓa zama a wata jami'ar fasaha ba. A cikinsu akwai ɗan sanda, akwai malamin gona, akwai kuma waɗanda ba da daɗewa ba leburanci suke yi. Bayanin da aka yi wa masu kallo shi ne, waɗannan mutane ba wanda ya koya musu, baiwa ce kawai da ta daɗe a kwance aka tashe ta.

Wannan nazari ya bi diddigin wannan magana ne. Ko da gaske ba a koyar da su ba? In an koyar, a ina, kuma wa ya yi? Lamarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba kasafai ake samun wurin da ajin koyon sassaƙa da zauren baje koli suka haɗu a hannun mutum ɗaya kamar yadda suka haɗu a nan ba.

Mafarin abin

Frank McEwen Bature ne ɗan Birtaniya da ya daɗe a Paris, ya yi aiki da British Council, hukumar yaɗa al'adun Birtaniya a ƙasashen waje, ya kuma san manyan masu zane na zamaninsa ido da ido. Shi aka ɗauko ya zama shugaban farko na gidan baje kolin fasaha na ƙasa da aka buɗe a Salisbury, wato Harare ta yanzu, a 1957. Turawan da suka gina gidan, abin da ke ransu shi ne a riƙa rataya musu zane-zanen Turai. Baƙar fata kuwa, a tsarin wariyar da ake ciki, ba a sa ran ganinsa a wurin sai dai da tsintsiya ko rigar gadi.

Da waɗannan ma'aikatan McEwen ya fara. Ya ba masu tsaron zauren fenti da burushi, ya ce su zana abin da ke ransu. Thomas Mukarobgwa, wanda daga baya ya yi suna a zane da sassaƙa, ta nan ya shigo. A hankali wannan zama ya zama abin da aka sani da Workshop School. Ba shi da jadawali, ba jarrabawa, ba takardar shaida. McEwen ya ce hanyar da yake bi ta Gustave Moreau ce, malamin da ya koyar da Matisse da Rouault a Paris a shekarun 1890, wanda ya yi imani cewa aikin malami shi ne ya zaƙulo abin da ke cikin ɗalibi, ba ya ɗura masa nasa ba.

Dutse daga baya ya shigo. Joram Mariga, malamin gona a yankin Nyanga da ke gabashin ƙasar, ya ci karo da wani dutse mai laushi da wuƙa ke iya yankawa, ya fara sassaƙa ƙananan abubuwa da shi. Wata Baturiya mai suna Pat Pearce ce ta haɗa shi da McEwen a farkon shekarun 1960. McEwen ya ƙarfafa masa gwiwa, ya kuma matsa masa, shi da waɗanda suka biyo shi, su bar dutse mai laushi su koma mai tauri. Dalilinsa biyu ne: mai laushi da shi ake yin kayan tsaraba da ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido, sannan mai tauri ba ya bari a yi masa aikin gaggawa. Mariga kuwa da ya koma gida bai zauna shi kaɗai ba. Ya koya wa 'yan uwa da maƙwabta, cikinsu har da John da Bernard Takawira da Crispen Chakanyuka. Tun daga nan maganar "babu malami" ta fara tangal-tangal.

Darasi a gindin dutse

Sai mutum ya san yadda ake aikin kafin ya gane me ya sa ba ya koyuwa daga nesa. Yawancin duwatsun nau'in safantin ne, ana haƙo su daga Great Dyke, wani dogon jerin tsaunuka masu ma'adinai da ya ratsa tsakiyar ƙasar tsawon kusan kilomita 550. Akwai kore, akwai ruwan ƙasa, akwai baƙi wuluk mai tsananin tauri wanda manyan masassaƙa suka fi so.

Darasin farko da kunne ake ɗaukarsa. Kafin a sa ƙarfe, sai a ƙwanƙwasa dutsen da guduma a saurara. In ya yi ƙara garau, lafiyarsa lau. In ƙarar ta dushe, to akwai tsaga a ciki, kuma wanda ya yi kunnen ƙashi zai yi mako uku yana aiki, ranar da ya zo fitar da wuya kan ya faɗo masa a ƙafa. Bayan haka a watsa wa dutsen ruwa don launinsa da jijiyoyinsa su bayyana, a juya shi ta kowane ɓangare, a yi masa alama da gawayi ko alli.

Sannan a fara faskara da kurfi mai tsini. A nan ne ɗan koyo ya fi buƙatar wani a kusa da shi. Sabon hannu yakan tsayar da kurfin a miƙe ya doka da ƙarfi, sai bugun ya nutse ciki ya bar farin tabo da ba zai fito fili ba sai ranar gogewa, lokacin da gyara ya riga ya wuce. Gwani kuwa kwantar da kurfin yake yi, ya buga a hankali, ɓarɓashin ya riƙa tashi gefe. Kuma ba ya bugawa daga tsakiya zuwa baki, don kada bakin ya ɓalle, daga baki yake nufar ciki. Ba a cika yin dogon bayani ba. Na kusa da kai ne zai miƙo hannu ya ɗan karkata maka ƙarfen, ya koma kan aikinsa.

Daga nan sai kurfi mai haƙora da ke daidaita jiki, sai mai faɗi, sai magagari. Sai kuma aikin da kowa ke gudu, wato guga da takardar yashi a cikin ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, awa bayan awa har fatar yatsu ta yi taushi. A ƙarshe a gasa dutsen a bakin wuta ko da fitilar gas har ya ɗau zafi, a shafa masa kaki ya narke ya shige ciki, a bar shi ya huce, a goge da tsumma. Dutsen da ya yi wata guda yana toka-toka sai ya koma baƙi mai sheƙi. Inda masassaƙi ya ga dama ya bar wani sashe ba guga ba kaki, don gashi ko mayafi ya bambanta da fata.

Galibi da wankin nan da guga ɗan koyo ke farawa, a kan aikin wani. Yana guga, tafin hannunsa na haddace yadda kumatu ke gangarowa zuwa haɓa. Wannan koyarwa ce, ko an kira ta da sunan ko ba a kira ba.

Tengenenge

A ranar 11 ga Nuwamba 1965 gwamnatin Turawa tsiraru ta Ian Smith ta ayyana 'yancin kai ba da yardar Birtaniya ba, aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, kasuwar taba ta karye. Cikin manoman da abin ya shafa akwai Tom Blomefield, mai wata gonar taba da ake kira Tengenenge, kuma mai haƙar ma'adinin kurom a kusa da Guruve, kimanin kilomita 150 arewa da Harare. Ga ma'aikata jingim, ga babu abin biyansu. A 1966 Crispen Chakanyuka, ɗalibin Mariga, ya nuna masa cewa tudun da ke gefen gonar cike yake da dutsen sassaƙa, ya kuma koya masa riƙon kurfi. Ashe a wannan makaranta, mai gonar shi ne ɗalibi na farko.

Blomefield ya buɗe ƙofa ga duk mai so. A ba ka dutse, a ba ka kayan aiki da abinci da wurin kwana, ka gwada. Da yawa daga ma'aikatan baƙi ne daga Malawi da Mozambik da Zambiya da Angola, 'yan ƙabilun Chewa da Yao da Mbunda, wasunsu sun taso cikin al'adun da ke da sassaƙar fuskokin rawa na itace. Lemon Moses mutumin Malawi ne. Fanizani Akuda a Zambiya aka haife shi, kuma da haƙar dutsen ya fara kafin ya karɓi kurfi. Bernard Matemera da Henry Munyaradzi 'yan yankin ne.

Abin mamaki, duk da cewa gefe da gefe suke aiki a inuwa ɗaya, gwanayen cikinsu ba su yi kama da juna ba. Henry, da layi ɗaya yake haɗa gira da hanci, ya sa ƙananan idanu zagayayyu, fuskar ta fito shiru kamar mai tunani. Matemera manyan jikkuna yake yi masu ƙiba da kumburi, mutum yana rikiɗa ya zama dabba. Akuda kuwa fuskokinsa murmushi suke yi da idanu a lumshe, wasu na fito. Kowane masassaƙi yana da filinsa a ƙarƙashin itatuwa, inda yake jera ayyukansa a kan kututture. Wurin aiki shi ne wurin baje koli. Ɗan koyo na ganin inda baƙo ya tsaya ya daɗe, da inda ya wuce bai waiwaya ba.

Inda aka saɓa

Da farko tafiyar ta yi daɗi. Blomefield na loda duwatsu a mota ya kai Salisbury, McEwen ya zaɓa ya baje. Amma ba a daɗe ba ra'ayi ya bambanta. McEwen kaɗan yake ɗauka, ya mayar da saura. Abin da ya fi tsana shi ne abin da ya laƙaba wa suna fasahar filin jirgi, wato kayan da ake yi da yawa iri ɗaya don matafiyi ya saya ya jefa a jaka. A ganinsa, in aka bar kowane dutse ya fita kasuwa, za a wayi gari ba a bambance gwani da mai kwaikwayo, kuma manyan gidajen fasaha na Turai za su rufe ƙofa. Blomefield kuwa mutane ne a gabansa da iyalansu, kuma dutsen da aka mayar masa abincin wani gida ne. Bai ga dalilin da zai hana mutum sayar da abin da ya yi da guminsa ba, bai kuma yarda cewa idon mutum ɗaya ne zai raba mai kyau da maras kyau ba.

Kafin ƙarshen shekarun 1960 sun raba gari. A 1969 McEwen da matarsa ta lokacin, Mary McFadden, Ba'amurkiyar da daga baya ta shahara a zanen tufafi, suka kafa wani sansanin a Vukutu, cikin duwatsun yankin Nyanga, nesa da 'yan yawon buɗe ido da dillalai. Sylvester Mubayi, wanda ya fara a Tengenenge, shi ya jagoranci masassaƙan da suka koma can.

A nan ne gizo ke saƙar. McEwen ya ce ba ya koyarwa, kuma gaskiya ne bai taɓa nuna wa kowa yadda ake riƙe guduma ba. To amma mutumin da ya kawo duwatsu biyar, aka ɗauki ɗaya aka mayar masa da huɗu, ya koma gida da darasi, kuma darasin ya fi na allo shiga jiki. McEwen yana son aikin da ya taɓo tatsuniya da iskoki da kakanni, yana tambayar masassaƙa labaran da suka ji a wurin tsofaffi, yana kuma kawar da kai daga abin da ya yi kama da rayuwar birni ko hoton zahiri. Ba sai an ce wa mai iyali "sassaƙa iska" ba. Ya ga abin da ake ɗauka. Shi ya sa a ayyukan wancan zamani ake yawan ganin mutum na zama gwaggon biri ko tsuntsu mai ɗauke da saƙon kakanni, amma da wuya a ga ɗan sanda a kan keke ko lebura a layin karɓar albashi, alhali wannan ita ce rayuwar da masu sassaƙar ke ciki kullum.

Ba ina nufin ayyukan ƙarya ba ne. Mubayi da John Takawira da Nicholas Mukomberanwa sun ɗauki waɗannan jigogi sun yi abin da ba wanda ya isa ya tsara musu. Sai dai ƙofar da aka buɗe musu ƙunci gare ta, kuma mai riƙe da mabuɗin yana cewa shi ɗan kallo ne.

Abin da aka faɗa wa masu kallo

Ta fuskar baje koli, dabarar McEwen ta ci. Tun a 1962 ya shirya babban taron al'adun Afirka a Salisbury, ya gayyato manya a duniyar fasaha irin su Alfred Barr na gidan fasahar zamani na New York da Roland Penrose da Tristan Tzara, suka ga aikin da idonsu. A 1968 gidan na New York ya ɗauki nauyin nuna ayyukan makarantar a Amurka. Paris ta biyo baya a 1970 da 1971, Landan a 1972. Daga 1968 zuwa 1972 ɗin nan duk ana cikin takunkumi, ƙasar na zaman saniyar ware.

Sai dai kowane baje koli da bayaninsa yake tafiya, kuma bayanin nan ya bar abubuwa a baya. An kira aikin sassaƙar Shona, wato ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, alhali da yawa daga masassaƙan Tengenenge ba Shona ba ne, wasu ma ba 'yan ƙasar ba. An alaƙanta shi da tsuntsayen dutse takwas da aka samu a kufan tsohon birnin dutse na Great Zimbabwe, alhali ɗaruruwan shekaru ne tsakani, kuma babu wata sarƙar masassaƙan dutse da ta haɗa su. An kuma yi shiru a kan makarantun mishan. Nicholas Mukomberanwa, ɗan sandan da ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen, ya koyi sassaƙar itace a Serima, a hannun Fada John Groeber ɗan Suwizalan, wanda ke koyar da yara da tsari da ƙa'ida don ƙawata cocinsa. Joseph Ndandarika shi ma a Serima ya yi karatun zane, ga kuma makarantar Cyrene da Canon Ned Paterson ya kafa kusa da Bulawayo. Duk wanda ya dubi yadda Mukomberanwa ke yanka fuska da kusurwoyi masu kaifi, ya san hannun nan ya sha horo.

Ya kamata a yi wa McEwen adalci a nan. Yana magana ne a ƙasar da gwamnatinta ke musun cewa baƙar fata ne suka gina Great Zimbabwe, har masanin kufai Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970 saboda ya ƙi bin wannan layi. A irin wannan yanayi, cewa fasahar nan ta 'yan ƙasa ce tun kaka da kakanni magana ce mai nauyi, kuma ta jawo masa baƙin jini a wurin Turawan Rodeshiya. Amma farashinta shi ne an shafe sunan malaman, Mariga da Chakanyuka da sauran waɗanda suka karkata wa wani kurfi, aka mayar da wahalar shekaru ta zama baiwar da ta faɗo daga sama. Mai saye a Paris ya fi son ya ji cewa ruhu ne ya yi magana a cikin dutse, a kan ya ji cewa wani ya yi wata shida yana guga wa yayansa.

Bayan tafiyar McEwen

McEwen ya bar Rodeshiya a 1973. Yaƙin neman 'yanci ya tsananta a karkara, Vukutu ta watse, Tengenenge ta kusa zama kufai, Matemera na cikin 'yan kaɗan da suka zauna. Roy Guthrie, wanda ya kafa abin da ya zama dandalin sassaƙa na Chapungu a Harare, shi ya riƙe kasuwar manyan masassaƙan a waɗannan shekaru.

Bayan samun 'yanci a 1980 kasuwa ta buɗe, kuma kowanne daga cikin mutanen biyu ya ga abin da ya hanga. Tsoron McEwen ya tabbata: gefen tituna ya cika da duwatsu iri ɗaya, uwa da ɗa, masoya a rungume, an goge su sun yi sheƙi, kuma duk salon da ya yi kasuwa sai a wayi gari da kwafinsa. Buɗaɗɗiyar ƙofar Blomefield ita ma ta yi rana, domin Tengenenge ta sake cika, kuma ita ce ta rayu, ba Vukutu ba. Ya riƙe ta har 2007, sannan ya miƙa ragamar ga Dominic Benhura, wanda shi ma a gidan ɗan uwansa Tapfuma Gutsa ya fara, da guga.

Koyarwar kuwa ta fito fili, ta koma cikin gidaje. Mukomberanwa ya ajiye aikin ɗan sanda a 1976, daga baya ya zauna a gonarsa da ke Ruwa ya horar da 'ya'yansa maza da mata. Agnes Nyanhongo ta taso tana goge ayyukan mahaifinta Claud, sannan ta shiga ajin da gidan baje kolin ƙasa ya buɗe a shekarun 1980, wannan karon da malamai da darussa ba ɓoye-ɓoye. Ita da Colleen Madamombe suka shigo da abin da zaɓen farko ya bari a waje, wato mata a bakin aikinsu na yau da kullum, da ɗaukar kaya da goyo da hira. Gutsa, wanda ya yi karatu a Landan, ya haɗa dutse da itace da ƙarfe da waya, abin da da wuya ya tsallake ƙofar McEwen.

Baje kolin ma ya sauya kama. Chapungu ta riƙa kai manyan duwatsu lambunan shaƙatawa na ƙasashen waje, kamar lambun Kew na Landan a 2000, kuma ba duwatsu kaɗai ake kaiwa ba. Masassaƙa na tafiya tare da su, su kafa rumfa a cikin lambun su yi aiki a gaban jama'a, masu sha'awa su yi rajista su zauna kwanaki ana nuna musu yadda ake sauraron dutse da kwantar da kurfi. A Tengenenge ma baƙo na iya sauka ya kwana, a haɗa shi da masassaƙin da zai koya masa. Tun da yawon buɗe ido ya ja baya a Zimbabwe bayan shekarar 2000, masu zuwa saye har gida sun ragu ƙwarai, kuma zaɓen abin da zai fita waje ya koma hannun dillalan da ke cika kwantena zuwa Turai da Amurka.